Baba An-Kashe

Ina 'yar shekara biyar na fara jin sunansa. Inna ta leƙa ƙofa ta ce, "Ga An-Kashe nan." Na fasa kuka, na zaci wani aka kashe. Ashe wan babana ne da muke kira Baba, mai gyaran wutar lantarki. Shekara arba'in bai taɓa kai hannu waya ba sai ya ɗaga murya: "An kashe?" Ko shi ya kashe wutar da kansa sai ya tambaya, sannan ya dangwala testa ya gwada ko da wuta. Sunan ya bi shi.

Tsufa ta baki ya fara kama shi. Zai nemi filaya, sai ya ce, "Miƙo min abin nan... mai bakin nan." Inna ta ce, "Agwagwa?" A yi dariya. Tasa ta yaƙe ce.

Ni na raka shi asibiti. Likita ya ce, "Baba, ƙwayoyin ƙwaƙwalwarka yawancinsu na nan. Mahaɗarsu ce ke raguwa da shekaru, sai saƙo ya maƙale a hanya."

"Wato waya lafiya, haɗi ne ya saki," in ji Baba. "To, ta ina ake ɗaure shi?"

Likita ya jawo takarda ya hau rubuta magani.

Watan jiya fankar ɗakin Inna ta tsaya. Baba ya hau kujera, ina riƙe masa. Ya kwance murfi, ya fere waya, ya miƙa yatsu. Shiru. Na ɗaga kai, ga ƙwan ɗakin na ci.

"Baba, an kashe?"

Hannunsa ya tsaya cak. Ya dubi ƙwan, ya dubi yatsunsa. Da ya sauko, zufa ta jiƙe masa riga. "Ban tambaya ba ko, 'yata?"

Kafin la'asar ya manta.

Tun ranar jakar kayan aikinsa na ƙarƙashin gadona. Kullum da safe yana bin ɗakuna yana ɗaga labule. "'Yata, ba ki ga jakata ba?" In ce ban gani ba, amma hankalina ba ya kwanciya, don sukudireba ba ta wuyar aro a maƙwabta. Jiya har ya kira ni ɓarauniya.

Amma ranar da muka baro asibiti, a bakin titi, ya damƙe hannuna ya ce, "Duk randa kika ga na kai hannu ban tambaya ba, ki ɓoye jakar. Ko na zage ki, ko na yi miki kuka, kar ki ba ni."