Yadda Wani Ɗan Fim Mai Shan Jini Ya Kusa Kashe Mini Aure

A lokacin da abin nan ya faru ni budurwa ce a Funtua, na gama sakandare ina zaman jiran aure, kuma babu sana'ar da na ƙware a kai kamar musu. Mahaifina tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mutum mai shiru-shiru. Innata kuwa fura take yi, furar da har daga kasuwar hatsi ake takowa a saya, kuma da ita ta tara mini kayan ɗaki, tana shirin tara wa ƙannena mata biyu. Wanda zan aura mai sayar da taki da iri ne a kasuwa. Asalinsa wani ƙauye ne a gefen Gozaki, mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, ƙanwar babansa ce ta raine shi, wadda kowa ke kira Gwaggo, kuma a gidansu idan Gwaggo ta ce a'a to magana ta mutu. Ina roƙon Edita ya sakaya sunana, domin faɗar suna a inda bai kamata ba ita ce ta jawo mini duk abin da zan faɗa.

A shekarun nan wani fim na Turawa ya shigo mana, kashi-kashi, an yi masa fassarar Hausa. Labarin wata 'yar makaranta ne da samari biyu ke nema. Ɗaya fari ne fat kamar an wanke shi da toka, jini yake sha, ba ya tsufa, ba ya mutuwa. Ɗayan kuma ƙaƙƙarfa ne, idan ransa ya ɓaci sai ya rikiɗa ya zama dabbar daji. 'Yan matan garinmu suka rabu gida biyu, kuma ni ce sarauniyar ɓangaren mai shan jinin. Na buɗe mana zaure a waya, kullum ina cikin tono labaran 'yan wasan ina juya su zuwa Hausa da ɗan guntun Turancina: wa ya yi aski, wa aka gani da wa a gidan cin abinci, yaushe kashi na gaba zai fito. Ranar da labari ya zo cewa jarumin da jarumar sun ɓata a zahiri, na ƙi cin tuwo, Inna ta ɗauka ni da saurayina ne muka yi faɗa. Da ta ji gaskiyar magana sai ta dube ni ta ce wai mutanen da ba su san an haife ni ba nake yi wa zaman makoki, ta miƙo mini taɓarya in je in daka gero.

Akwai wani shiri da ake yi a rediyo da hantsin Asabar, inda ake sharhin finafinai, ana buɗe layi masu sauraro su kira. Wata Asabar ta kaka suka gayyato wani malamin makaranta, ya zauna ya yi wa fim ɗinmu wankin babban bargo. Ya ce labarin ba kai ba gindi, jarumin fuskarsa ɗaya ce ko yana murna ko yana baƙin ciki, yarinyar kuma ba ta da aikin yi sai sauke ajiyar zuciya a bakin taga. Ya ce tsoho ne mai shekara fiye da ɗari yake bin 'yar sakandare, mu kuma muna tafi. Ina tsaye a tsakar gida da ludayi a hannu ina saurare. 'Yan zaurenmu suka yi ta turo saƙo, wai ina sarauniya, za ta bari a ci mutuncinmu? Na kira, kuma cikin rashin sa'a layin ya shiga.

Abin da na faɗa ban taɓa mantawa ba, don an maimaita mini shi har na haddace. Ban tsaya cewa fim ba, ban tsaya cewa ɗan wasa ba, na shiga kare shi kamar ɗan unguwarmu. Na ce malam bai san shi ba ne, ni na san shi. Na ce shan jinin ba laifinsa ba ne, haka ya tsinci kansa, kuma yana da kunya, ba ya taɓa na gida. Na ce da zai zo mini yau, da kaina zan miƙa masa wuya in zama irinsa. Na ƙara da cewa a gidanmu har Innata ta san shi, ƙannena ma na riga na sa su a hanya. Mai gabatarwa yana ta dariya, ni kuma na ɗauka nasara ce. Daga nan sai na yi abin da duk mai kiran rediyo ke yi: na faɗi sunana da na mahaifina da unguwarmu, sannan na jero gaisuwa. Na gaida angona da sunansa, na faɗi sunan ƙauyensu, na ce a miƙa gaisuwa ta musamman ga Gwaggo, Allah ya ja da ranta.

Ashe a daidai lokacin matan ƙauyen suna gindin wata ɗorawa suna ɓarzar masara, rediyo na rataye a reshe. Ba su ji farkon shirin ba, an kunna ne ina tsakiyar miƙa wuya. Aka ce suna ji suna salati, suna tambayar juna wace marar tsoron Allah ce wannan take tallar maita da rana tsaka, sai kawai suka ji sunan ƙauyensu, suka ji sunan ɗansu, suka ji sunan Gwaggo. Aka ce masarar da ke hannun Gwaggo ta faɗi, ta ce a kashe rediyon kada yarinyar ta ji muryoyinsu.

Wanda bai zauna a wajenmu ba zai ɗauka abin dariya ne kawai. A nan kafin a ɗaura aure ana binciken asali, kuma abu na farko da ake tambaya a ɓoye shi ne ko akwai maita a dangi. An kuma yarda a nono ake shan ta, wato idan 'ya mayya ce to uwar ce tushe. Dangin saurayina sun riga sun yi bincikensu sun ce ba su sami komai ba, sai ga amarya da bakinta ta kira rediyo ta gyara musu aiki. Kafin kasuwa ta sake ci labarin ya hau motar Malumfashi ya iso Funtua, ya ƙara ƙiba a hanya. Masu sayen fura suka fara raguwa. Wata maƙwabciyarmu da ta shekara tana aiko kwano ta ce likita ya hana ta tsami. Inna takan zauna gaban ƙwaryarta har la'asar, ƙudaje ne kaɗai ke zuwa ciniki. Ba ta zage ni ba, ba ta dake ni ba, kuma wallahi da dukan ta yi da ya fi mini sauƙi.

Saurayina ya zo zance fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa. Ya ce shi ya san fim ne, har ya taɓa yin barci a gabansa sau biyu don ya faranta mini, amma ya yi wa Gwaggo bayani ta ce ai dama haka suke yi, sai sun fara lashe kurwar miji. Sannan ga wata sabuwa: ɗan yayansa, yaron da na goya ranar da na je gaishe su da sallah, ya kwanta da zazzaɓi. An kai shi asibiti an ce cizon sauro ne, ana ba shi magani, amma Gwaggo ta ce sai na zo na tsallaka shi, kamar yadda ake sa mayya ta yi don ta saki kurwar da ta kama. Na ce ai wannan mai sauƙi ne, mu je in tsallaka kowa ya huta. Inna da ke bayan ƙyaure tana ji ta fito ta ce ashe har yanzu ban yi hankali ba. Idan na tsallaka yaron ya warke, an tabbatar. Idan na ƙi wani abu ya same shi, an tabbatar. Ta ce ƙafar da zan ɗaga ba yaron kaɗai za ta tsallaka ba, har da auren ƙannena. A nan ne na fara kuka na gaske, ba irin na 'yan wasa ba.

Inna ce ta kawo dabara. Ta ce tunda wannan farin yaron ne ya jawo, to a ɗauke shi a kai wa Gwaggo ta gan shi da idonta. Aka ɗaura talabijin da janareta a bayan a-kori-kura, ni da Inna muna gaba, saurayina yana baya yana rungume da talabijin kamar jariri. Muka isa da azahar. Ba wanda ya amsa sallamata da ƙarfi, mata suna ta janye 'ya'yansu, wata tsohuwa ta tofa addu'a a ƙirjinta. Ruwan da aka kawo mana ma a wani tsohon kwano ne da na tabbata ba za a sake amfani da shi ba. Aka kafa talabijin a rumfar tsakar gida, Gwaggo ta zauna a gaba da carbi, ta sa aka ajiye ni inda za ta riƙa ganina da wutsiyar ido.

Da jarumin ya bayyana, zuciyata ta buga kamar kullum, Gwaggo kuwa ta matso ta ƙura masa ido ta tambaya ko wannan ne. Aka ce shi ne. Ta ce wannan ai mara lafiya ne, a ba shi zogale da hanta. Da aka gaya mata shekarunsa, ta ce shekara ɗari yana aji ɗaya, ko jaki ne ai ya ci a ce ya fita. Ta tambaya ina gonarsa, aka ce ba shi da ita. Sana'a fa? Babu. Da ta ga ya shiga ɗakin yarinyar ta taga, ta tafa hannu ta ce ba sallama, ba a turo manya ba, wannan ko a maitar ma ɗan iska ne. Ta ce maye na gaskiya ba ya sa hoda, ba ya kuka, kuma ba ya yini yana kallon abinci yana ba shi haƙuri. Duk abin da malamin rediyo ya faɗa na kira na ƙaryata, sai da Gwaggo ta maimaita shi, kuma bayan kowace magana takan juyo ta ce ko ba haka ba 'yar nan, ni kuma in ce haka ne Gwaggo.

Inda na kusa ɓata komai shi ne da ɗaya saurayin ya fito. Gwaggo ta gyara zama ta ce yauwa, ga mutum. Ta ce dubi ƙirji, wannan shi kaɗai zai nome kadada kafin azahar, rikiɗar ma ba aibu ba ce, kakanta maharbi ne kuma an ce yana yi. Ta ce duk yarinyar da ta bar wannan ta bi wancan fatalwar to a duba kanta. Jama'a, shekara biyu ina yaƙar masu wannan ra'ayi. Bakina ya buɗe da kansa, har na ce amma Gwaggo, sai na ji Inna ta kama naman cinyata ta murɗe. Na haɗiye sauran na ce amma Gwaggo kin iya zaɓe.

Man janareta ya ƙare ana tsakiyar rikici, matan da suka guje ni ɗazu suka yi ta cewa kash. Gwaggo ta ja carbinta, sannan ta tambaye ni ko da gaske a kan wannan abin na ƙi cin tuwo kamar yadda Inna ta gaya mata, na kira rediyo duniya na ji. Na sunkuyar da kai na ce e. Ta juya wajen Inna ta ce ta yi haƙuri, sun ɗauki alhakinta, 'yarta ba mayya ba ce, wawuya ce kawai, kuma wauta ba ta hana aure, in da tana hanawa da rabin ƙauyen nan gwauraye ne. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Ba a sake maganar tsallake ba, yaron ya ƙarasa shan maganinsa ya miƙe, aka ɗaura aure bayan an kwashe auduga. Kafin mu tafi Gwaggo ta ja saurayina gefe ta ce ranar da zai dawo ya taho da kashi na gaba da isasshen mai.

Yanzu ina da 'ya'ya uku, kuma ni da Gwaggo mun kalli fim ɗin har ƙarshe, har yau ba ta yafe wa yarinyar fim ɗin zaɓin mai shan jinin da ta yi ba. Sai dai shaidar wauta ba ta gudu kamar shaidar maita. Waɗanda suka ji ni a rediyo sun fi waɗanda suka zauna a rumfar Gwaggo yawa nesa ba kusa ba. Cinikin Inna bai koma yadda yake ba, daga baya ta bar furar ta koma sayar da itace, tana cewa wai bayanta ne ya gaji da daka, ni kuwa na san ba bayanta ba ne. Ƙanwata da ke biye da ni sai da maneminta ɗaya ya janye ba tare da ya faɗi dalili ba.

Don haka 'yan'uwana mata masu zauruka a waya, ku so abin da kuke so, ban hana ku ba. Amma idan wani ya kushe gwaninku kuka ji jini ya hau, ku ajiye wayar ku sha ruwa, ku tuna wanda kuke karewa bai san da ku ba, kuma ba sunanku kaɗai kuke ɗauke da shi a baki ba. Shi ɗan wasan na ji an ce ya ci gaba da harkokinsa, har ya ce ma fim ɗin bai taɓa burge shi ba. Ni kuwa har gobe idan aka yi haihuwa a ƙauyen mijina na je barka, sai uwar jaririn ta waiga ta ga Gwaggo na zaune kafin ta miƙo mini shi.