Kalla da Ginin da Ya Rikita Gari

Kullum in Kalla magini ya fito sallar asuba, ba ya wucewa gida. Sai ya zaga bayan kasuwa, ya dafa bangon majami'ar baƙi, ya duba indararo, ya cusa yatsa cikin tsaga. Musulmi ne, bai taɓa zama cikinta ran Lahadi ba. Tambaye shi dalili ka ga sosa ƙeya!

Abin ya faro ne da wasu teloli 'yan Angilikan suka hauro daga ƙasar Ingilishi, nan ƙetaren iyaka ta kudu, suka zauna garinmu, nan gefen Madawa. Babbansu, Baba Josiya, ya samu fili wurin maigari, ya nemi mai gina musu wurin addu'a. Magina duk suka noƙe, sai Kalla. Baba Josiya ya zana masa dogon ɗaki a ƙasa, ya ce ɗakin ya dubi gabas.

To, hannun Kalla masallatai kaɗai ya saba. Ya jera tubali, ya shimfiɗa azara, ya fitar da ƙuryar liman a bangon gabas, har da randar alwala bakin ƙofa. Baba Josiya ya zo, ya riƙe baki. Can ya tura teburinsu na ibada cikin ƙuryar, ga mamaki ya zauna daram.

Gari fa ya rikice. Ran kasuwa baƙi daga Karofane su hango ƙurya, su yi alwala, su shiga, su ci karo da gicciye, su fito takalma a hannu. Liman ya tare shi: "Kalla, masallaci ka gina, ko mi?" Masu kiransa aiki suka ja baya. Matarsa Cima ta ce, "Malam, ka rabu da ɗakin ga hakanan."

Ya ce, "Cima, ni ma ban gane mi na gina ba. Amma hannuna na bisa. In ya hwaɗi, wa ya gina?"

Da yaƙin Turawa ya zo, aka tsaurara iyaka, teloli suka koma ƙasarsu. Ɗaki ya zama na jemagu. Amma kowace bazara Zalika mai fura na ganin Kalla kan soro, shi kaɗai, yana yaɓe ɗakin da ba mai shiga. Muka ce ya taɓu, ni ma na faɗa. Bayan yaƙi Baba Josiya ya dawo yana zaton tarar da tudun ƙasa. Da ya ga rufin na nan lafiya lau, ya zauna bakin randar nan ya yi ta kuka.

Kalla, kai ne ka riƙe amanar mutanen da ba ka bin addininsu, ba su ma nan balle su gode. Har yau ba mu gama gane ka ba, amma muna sonka, mun kuma gode. Allah ya saka maka.

Bana gwiwar Kalla ta ƙi tsani. Hadari ya fara haɗuwa, tsagar gabas ta buɗe har hannu na shiga, samari kuwa na tsaye suna gardamar ko ya halatta su hau. Kai jama'a! Ku ƙarasa gardamar can bisa soro. Tsoho ya riga ya kwaɓa ƙasar, ga shi can ya dafe ƙafar tsani da hannu biyu, yana jiran wanda zai taka.