Jan Layin da Ya Fitar da Maƙera Bayan Gari

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da Nasara mai awo ya ja jan layi a takardarsa ba. Ku da kuke aikin awon filaye yanzu, ku matso ku ji, don ni ma na ci tuwon aikin nan tun ba a haifi iyayenku ba.

Lokacin Faransawa ba su daɗe da zama a Damagaram ba. Da rani ne, an gama sussuka, aka turo wani Nasara ya zana garin Matameye. Ina sabuwar amarya, mai gari ya sa ni cikin masu kai wa ayarinsa ruwa da abinci. Ga yadda aikin yake: mutum biyu su ja sarƙa, wani ya tsaya da doguwar sanda mai fari da ja, Nasara ya leƙa wani madubi mai ƙafa uku, ya rubuta. Sama da mu akwai gardi, wato dogarin Nasara mai jar hula. Sama da gardi sai tafinta, Malam Sanda, shi kaɗai bakinsa ke isa kunnen Bature.

To, a garin nan in rani ya yi maƙera ba sa hura wuta cikin gari. Danga ta kara ce, rufi na ciyawa, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye unguwa. Sai su kafa rumfuna a gabas, bayan gari, su wuni can suna ƙira. Mata su kai musu fura, yara su bi su, da magariba kowa ya koma ɗakinsa. Damina na sauka su dawo da zugazugansu zaure. Gidan Ɗanjuma maƙeri danga ɗaya ce tsakaninsa da namu, dab da masallaci, har da rijiyar da kakansa ya haƙa. Matarsa Kande ita ta riƙe ni kamar uwa da aka kawo ni.

Nasara ya bi unguwarmu da tsakar rana, ya tarar da zauruka shiru, toka ta huce. Da muka fita gabas ya hangi hayaƙi da mata da yara, sai ya hau tafi shi kaɗai. Ina sauke tulu na ga ya kewaye rumfunan da jan alƙalami a takardarsa.

Na ce, “Malam, me ya samu yake murna kamar an yi masa haihuwa?”

Tafinta ya ce, “Wai ya gano Yahudawanku.”

“Su wa ke nan?”

Ya ce wasu mutane ne a ƙasar Turai, a da can ake ware musu unguwa, a sa mata ƙofa, a kulle su. Wai Nasara ya gani a tsofaffin taswirorin garuruwansu, kuma ya ce kowane gari da waɗanda yake warewa, ga namu nan.

Na ce, “Malam, ka ji tsoron Allah ka gaya masa mutanen nan tsakiyar gari suke kwana.”

Ba zan yi wa tafinta ƙarya ba, ya gaya wa Nasara. Nasara ya yi dariya, ya ce ko a can ma in an tambayi mutanen gari kunya ke sa su musanta. Na ce to ya zo da magariba ya ga idonsa. Gardi ya daka mini tsawa, “Ke Hajo, ɗauki tulunki! Bature ba ya yawo bayan la’asar, lokacin wankansa ne.”

Ni ban taɓa ganin Bayahude ba. In da gaske an kulle su, Allah ya isar musu. Amma shi Nasaran nan da ƙofarsa ya taho a ka tun daga garinsu, wurin kafa ta kawai yake nema.

Shekara ta kewayo, kumandan, wato babban Nasaran da ke hukunta ƙasa, ya ce za a fasa hanya ta bi ta gefen masallaci. Aka buɗe takarda, aka ga maƙera suna da unguwarsu a gabas, gidajensu na gefen masallaci kuwa ba sunan kowa a kansu. Ɗanjuma ya ɗauki liman da dattawa suka tafi bariki. Kumandan ya ɗora yatsa kan jan layi ya ce, “Ga gidanka nan.” Ɗanjuma ya ce, “Ranka ya daɗe, a rumfa aka yanke mini cibi?” Aka kore su.

Kafin ruwan farko an rushe gidajen. Suka yi damina a rumfuna, wurin da ba rijiya ba itacen inuwa. Da idona na ga Kande tsaye da tulu bakin rijiyar gidanta, wadda ta koma ta gefen hanya, tana jira dawakin gardawa su gama sha. Ban iya gaishe ta ba, ita ma ba ta dube ni ba.

Yau ka ji yaro ya buɗe baki ya ce maƙera tun asali ba a zama da su cikin gari, har ya ce a rubuce yake. Wallahi nan ne raina ke ɓaci. Abin da na koya a aikinku shi ne, mai awo yakan zana abin da ya tarar a sa’ar da ya zo, na bayansa su mai da shi asali. Saboda haka duk gidan da kuka tarar shiru, kada ku taɓa alƙalami. Ku nemi inuwa ku zauna, ku jira masu shi su dawo.