Nora Tattersall, Mai Jin Magana da Ido

Ƙarfe tara na safe, Talata da Asabar, Nora Tattersall takan sauka daga bas a ƙofar tsohuwar masaƙar garinmu, wadda yanzu ta koma gidan tarihi. Takan rataye rigar ruwanta, ta shafa injinan saƙa huɗun da suka rage kamar mai duba zazzaɓin 'ya'yanta, sannan ta tada su don baƙi su gani. Shekararta tamanin da uku. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Hasken idonta yana ja da baya, likita kuma ya ce ba mai dawowa ba ne.

Tana 'yar sha biyar ta shiga ɗakin saƙar nan, lokacin da inji ɗari takwas ke ruri a cikinsa. Kwal na ƙarƙashin ƙafarmu, auduga na zuwa daga ƙetaren teku, danshin yankinmu na Lancashire kuma ba ya barin zare ya tsinke. Abin da ya kwaso kakanninmu daga gonaki ke nan, ya jera su gaban inji, jiniya na kiransu kowace safiya. A cikin ƙarar nan ko muryarka ba ka ji. Sai matan masaƙar suka koyi hira da leɓe, a buɗe baki sosai, babu sauti, daga wannan bango zuwa wancan. Gulma da zancen aure da zagin shugaban aiki, duk a haka ake yin su.

Wilf, kanikan da ke gyara mata injinan, shaida ne. Bara ya tsaya can nesa, ya raɗa wa wani cewa shayin Nora ruwan wanki ne. Sai ga ta da kofi.

"Ungo ruwan wankin, tsoho. Da ma bakin naka yana bukata."

"Ke dai mayya ce, Nora."

"Maita ta me? Kai ne bakinka kamar ƙofar gareji."

Shekara uku da suka wuce aka tsinci gwangwanayen fim a ɗakin ajiya, hotunan masu saƙa na da, marasa sauti. Kowa ya ga mata suna motsa baki. Nora kaɗai ta fashe da dariya, don ita tana jin su. Tun daga ranar take zama tana faɗa, ana rubutawa.

Ni ce mai rubutawar. Sai da na haura arba'in na koyi karatu a ajin manya, hannuna ba ya sauri, amma ta ce mai saurare take so. Abin da ban gaya mata ba shi ne, uwata Elsie a ɗakin nan ta yi aiki. Ƙurar auduga ta cinye mata huhu ina 'yar shekara huɗu, aka kai ni ƙauye wurin goggona. Ban riƙe muryarta ba, ko kalma ɗaya tata ba ni da ita. Gwangwani goma sha ɗaya muka kalla ban gan ta ba, kullum kuma sai an ƙara matso wa Nora da allon da ake haska fim ɗin.

A na sha biyu, makon jiya, wata mace ta juyo daga injinta, ƙoshiyar saƙa a hannu. Fuskar da ke cikin hoton da ke rataye a bangon ɗakina ce. Alƙalamina ya tsaya.

"Anti Nora, wannan me take cewa?"

"Ai Elsie ce, ta layi na shida! Wilf, maida baya."

Ya mayar. Ta kai hanci har jikin allon. "Hazo nake gani. Sake." Sau uku yana sakewa, idonta na zubar da ruwa. Na ce ta bari haka, ta ce in yi mata shiru.

"Yauwa. Ce wa ta kusa da ita take yi, 'Dubi kunnuwan mai hoton nan, kamar mariƙin tukunya.'" Wilf ya tuntsire da dariya. "Tsaya, da saura. 'Maureen ta taka jiya. Taku uku, ta faɗo jikina.'"

Nora ta juyo ta daɗe tana kallona. Maureen sunana ne, shekara uku tana kiran sa.

"Rubuta, 'yar Elsie," in ji ta. "Maza, rubuta."

Ke ce, Nora, kika saƙa wa duniya tufafi shekara talatin ba wanda ya san sunanki. Ke ce kika kashe ragowar ganinki wajen maida wa matan nan muryarsu. Jimla uku kika ba ni. Kafin makon jiya ba ni da ko ɗaya. Na gode.

Saura gwangwani huɗu, watan kuma saura Asabar biyu. Duk mai tsohuwa a gida wadda ta yi aikin masaƙa, ya zauna gabanta ya koyi hirar nan tun da sauran mai koyarwa. In kuma kun ga Nora a tashar bas, kada ku ɗaga murya. Ku matso kusa, inda haske yake, ku buɗe baki sosai, ku ce mata sannu da aiki.