Fudin ɗin Baba ba ya son hayaniya

Jiya a Kasuwar Litinin ƙamshin madara a kan garwashi ya tsayar da ni, sai ga Baba a idona, da farin tawul a kafaɗa.

Mahaifina ya yi wa Turawa aikin kuku yana saurayi. A wurinsu ya koyi fudin, abin cin shayinsu na la'asar: busasshen burodi a jiƙa da madara da ƙwai da suga. Shi yakan ƙara dabino.

Wata la'asar a unguwarmu ta Maisandari yana cikin haɗawa harbi ya ɓarke kusa da mu. Yarana suka fara kuka. Baba ya shigo da kurfot, murhunsa na garwashi, cikin ɗaki, ya yi ƙasa da murya.

"Jikokina, ku kwanta a ƙasa, ku yi shiru. Fudin in ya ji hayaniya ba ya tashi."

Suka kwanta suna sauraron hucin tukunya, ƙamshi ya lulluɓe mu har harbin ya yi nisa.

Bayan rasuwarsa na sha yin fudin cikin hayaniya, kuma yana tashi lafiya lau. Allah Ya kwantar da Baba cikin irin natsuwar da ya ba mu ranar.