Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Ko tsufa ya cinye mini tunani, ba na jin zan manta da shekarar da na yi faman nema wa ɗiyata ta fari lakwal, wato makarantar boko. Ni manomin albasa ne a wani ƙauye kusa da Tsarnawa. Ban taɓa zama a aji ba, shi ya sa na ƙudurta ita sai ta zauna, kuma a makarantar da ta fi kowace kyau. A wurina a lokacin, kyau shi ne ginin siminti da ƙofar ƙarfe. Akwai irinta a bakin titi, duk ranar da zan kai albasa Ƙonni sai na rage gudun babur na ƙare mata kallo.

Matsalar ita ce yarinyar 'yar mitsitsiya ce, jikin kakarta ta ɗauko. A gida aka haife ta, ba mu yi mata takardar haihuwa ba. A wajenmu kuwa, in babu takarda, akwai yadda ake gane yaro ya isa lakwal: ya ɗora hannun dama bisa kai ya taɓo kunnen hagu. In ya kai a ɗauke shi, in bai kai ba sai baɗi. Shekarar farko na kai ta waccan ta bakin titi, hannunta bai kai ba, muka dawo gida. Daga nan kullum sai ka gan ta tana lilo a reshen dogonyaron ƙofar gidanmu, wai don hannun ya ƙara tsawo. Mu muna dariya, ita kuwa da gaske take.

Da shekara ta zagayo muka koma. Iyaye cike da fili, daraktan lakwal ɗin na zaune a inuwa, gumi na zuba masa. Da layi ya zo kanmu, ko ɗago kai bai yi sosai ba ya ce, "Taɓa kunne." Ta ɗora hannu, ta karkata kai, ta cije leɓe, yatsa ya tsaya dab da kunnen.

Na ce, "Mushe, wallahi sa'o'inta suna aji na biyu, ƙaramin jiki ag gare ta."

Ya ce, "Malam, wuri ya yi muna kaɗan. Ka maido ta baɗi."

Har yau ban ga laifinsa ba, yara sun fi kujeru yawa. Amma a hanya, tana manne da bayana bisa babur, na ji ta ce, "Baba, bar shi hakanan. Lakwal ba ta son gajeru." Maganar nan ta soke ni. Na san in ta sake zaman gida a bana, shi ke nan: baɗi za a ce ta yi girma, ita ma ta riga ta cire rai.

Da muka isa gida, uwarta ta ce, "Maigida, mi zai hana ka gwada waccan ta bayan gari?" Sabuwar lakwal ce, ajinta na zana da karan dawa.

Na ce, "Wagga rumfar awaki?"

Ta ce, "Awakin dai suna karatu, taka ɗiyar tana gida."

Washegari na tafi da yarinyar ina jan ƙafa. Malamar, wata matashiya da aka turo daga gabashin ƙasa, ta fito hannunta duk alli. Tun kafin ta gaishe ni ta durƙusa gaban yarinyar. Ita kuwa baiwar Allah, ba wanda ya ce mata komai, sai ta ɗaga hannu bisa kai ta fara miƙa. Sai da na juya fuska, don idona ya kawo ruwa.

Malamar ta kama hannun a hankali ta sauke shi. Ta ce, "A'a, ɗiyata, bar wannan. Yi mini dariya in gani." Yarinya ta washe baki, ga giɓi, ga sababbin haƙora sun leƙo. Ta tambaye ta aikin da take yi a gida. Nan fa bakin ya buɗe: awakinta da halin kowace, da ƙanenta mai cin ƙasa, har da sirrin gidanmu da ban so a ji ba. Malamar ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta miƙe ta ce, "Malam, wannan ai ta isa tun bara. Ka bar mini ita. Takardar kuma zan nuna maka buro, ofishin da ake yin ta."

Na tsaya ina duban tabarmin da yara ke zaune a kai, zuciyata na ta wasiwasi. Kafin in yanke shawara, yarinyar ta tuɓe takalmanta ta shige ajin.

Yanzu tana lise, wato babbar sakandare, a Ƙonni, tana cewa ungozoma za ta zama. Abin da na koya shi nake gaya wa duk mai neman shawarata: kada ka zaɓa wa yaro makaranta daga bakin titi. Ka tafi da shi, ka yi shiru, ka duba fuskarsa lokacin da malami ke yi masa magana. Ni ranar nan ɗiyata ta shige wuri ba ta ko waiwayo ni ba, kuma ban taɓa jin daɗin a manta da ni kamar ranar ba.