Dattijon Da Ya Zo Neman Fulawa Mai Fitina

Wata rana na tsaya wajen masu sayar da fulawa a bakin titi, a Kaduna. Ni irin mutanen nan ne da ko barkono suka shuka sai ya mutu, don haka wadda ba ta son wahala nake nema.

Ina cikin zaɓe sai ga wani dattijo da sanda, fes da shi, shi kaɗai.

Mai fulawa ya tarye shi da waƙar da yake yi wa kowa: wannan ko ka manta da ita wata guda tana nan, ta sha rana ta sha fari, kowace shekara ta sake fure. Ba ta da matsala.

Dattijo ya ce irinta ce cike da gidansa. Shi mai saurin yaushi yake so.

Na ce a raina, ikon Allah, ga mai neman wahala da kuɗinsa.

Sai ya ba mu labari. Ashe da can fulawoyin gidan na marigayiya matarsa ne, masu son ruwa safe da yamma. Bayan rasuwarta, 'yarsu Sakina ke zuwa duk Asabar ta yi musu gyara, ta dafa masa tuwo, su yi hira har la'asar.

Sai babban ɗansa ya tausaya wa ƙanwarsa. Ya sa aka cire su, aka dasa masu jure fari.

Fulawa ta yi kyau. Sakina ta huta.

Asabar ta koma sai waya, wayar ma ta koma "Baba, zan kira ka anjima."

Mai fulawa ya ɗauko wata ƙarama mai lallausan ganye.

"Baba, wannan fa fitinanniya ce. In ta kwana biyu ba ruwa sai ta langaɓe. Za ka iya da ita?"

"Wa ya ce maka ruwa zan ba ta, yaro? Bari zan yi ta langaɓe, in ɗauki hotonta in tura wa Sakina. Ni in aka tambayi 'ya'yana, cewa suke Baba ba shi da matsala."

Mai fulawa ya miƙa masa ita a tukunyarta.

Dattijo ya rungume tukunyar a ƙirji, ya hau Keke Napep. Ba wanda ya riƙe masa sanda.

Har yau abin na damuna. Mutum da 'ya'yansa a gari ɗaya, amma sai fulawa ce za ta yi masa roƙon ziyara.

Darasi: Wanda ba ya kuka ba ƙoshi ya yi ba, kawaici ne. Iyayenmu sun iya haƙuri, mu kuma mun mai da haƙurinsu hutunmu. Kar ka jira uzuri, je ka zauna da su.

Tura wa ɗan'uwan nan naku da kullum yake cewa "ai Baba lafiyarsa ƙalau."